Masu girkin Barnawa da suka ciyar da dangina duka

Tun da aka watse daga bikin 'yata mata suke tare ni, a makarantar da nake koyarwa da gidajen suna, suna tambayar wa ya yi mana girki. Amsar ba ta bayuwa a tsaye, shi ya sa na zauna in rubuta duka, da abin yabo da abin gyara, musamman don wadda za ta aurar da 'ya a Kaduna alhali danginta ba alƙibla ɗaya suke kallo ba. Ba zan sa sunan mai girkin ba, tunda akwai ƙorafi a cikin maganata, kuma na riga na faɗa mata shi baki da baki. Madam ake ce mata a Barnawa. Abokiyar sana'arta kuma Iya mai waina.

Sai na fara da bayanin gidanmu, in ba haka ba ba za a gane nauyin da na ɗora musu ba. Mahaifina Bazazzagi ne. Mahaifiyata Bajju ce daga wajen Zonkwa, ta musulunta kafin aurensu, 'yan'uwanta suka ci gaba da zuwa cocinsu na Katolika, ba wanda ya yanke wani. Muna yara a gidan kawunnanmu muke hutun Disamba, su kuma Babbar Sallah ba ta wuce su a gidanmu. Duk ranar da wani ya ɗaga gira a kan wannan zumunci, hadisin Asma'u 'yar Abubakar mahaifinmu yake kawowa, wadda mahaifiyarta ta zo wurinta ba ta musulunta ba, Annabi (SAW) ya ce ta sada zumunci da ita. Da wannan aka raine mu. Sai na yi aure gidan 'yan Izala, inda yayan mijina, Baffan yara, malami ne da ba ya wasa da batun yanka ko cuɗanyar maza da mata. Dangin ango daga Zariya suke, yawancinsu Tijjanawa, da gida guda na ƙanwar babansa masu bin Shi'a. A ƙara da abokan aikina, da ƙawayen amarya na jami'a, wata da niƙabi, wata ko ɗankwali ba ta ɗaurawa. Mutum wajen 300, kuma so nake kowannensu ya ci ya ƙoshi ba tare da zuciyarsa tana ɗar-ɗar ba.

Maza suka sa rana: Juma'a, 4 ga Afrilu, 2025, ɗaurin aure bayan an sauko daga masallaci, walima da yamma. An yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris, ke nan bikin ya faɗo 6 ga Shawwal.

Na zaga wajen wasu masu girki kafin in kai gare ta, kuma duk tambayarsu iri ɗaya ce: mutum nawa, faranti nawa, kaza ko naman sa. Madam da ta ji ranar sai ta ɗaga kai ta dubi kalandar cocinsu da ke rataye a bango, ta ce, "Hajiya, a cikin baƙinki akwai Katolika?" Na ce ai kawunnaina ne gaba ɗaya. Ta ce to Juma'a ce a cikin azuminsu na kwana 40, wanda ya kama tun Larabar Toka, 5 ga Maris, ba zai fita ba sai dab da Ista, 20 ga Afrilu, kuma a Juma'o'in wannan azumi ba sa cin nama sai kifi. Kafin in ce wani abu Iya ta ɗora daga inda take zaune tana tsince shinkafa: "Kuma Sitta Shawwal ce, Hajiya. Tsofaffinki da yawa da azumi a baki za su zo. Kada a kwashe tukwane kafin Magriba."

Daga nan Madam ta jawo wani littafi mai bangon kwali da ya sha manja, ta buɗe sabon shafi, ta ce in lissafo mata baƙin gida-gida. Kowane gida abu uku take rubutawa: me ba sa ci, ƙarfe nawa za su tashi, a ina za su fi sakewa su zauna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta taɓa ce mini "don me" ba. Da na ambaci gidan ƙanwar baban ango, fuskarta ba ta canja ba, biro kawai ta sa ta soke farfesun tarwada da na rubuta a jerin abinci, ta ce 'yan Shi'a ba sa cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki. Ta tambaya ko akwai 'yan cocin Asabar, wato Adventist. Akwai kuwa, wata malamar lissafi da muke aiki tare, 'yar wajen Jengre. Su ma tarwada ba ta shiga bakinsu, kuma ranar ibadarsu tun faɗuwar ranar Juma'a take kamawa, don haka dole a sallame ta da abincinta kafin rana ta yi ja. Aka mai da farfesun na karfasa da giwan ruwa. Tukunya ɗaya ta ɗauke Katolika da 'yan Shi'a da 'yar Adventist.

Ni a wurina wannan littafin shi ne sana'ar, shinkafa kam masu dafa ta da yawa a garin nan. Mun saba da wani irin zaman lafiya na bakin lasifika, inda ake so kowa ya ajiye abin da ya yi imani da shi a ƙofa, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Kawu, yayan mahaifiyata, bai yarda da abin da Baffa ya yarda da shi ba, Baffa bai yarda da na surukanmu na Zariya ba, kuma ba wanda zai sauka daga kan nasa saboda bikin 'yata, ni ma ban nemi haka daga kowa ba. Abin da nake nema shi ne wanda zai ɗauki ƙa'idar kowa da gaske, har ya ƙona gawayinsa a kanta.

Baffa da ya ji Kirista ce za ta riƙe girkin bai ɓoye damuwarsa ba. Wa zai yi yanka, kuma me aka taɓa dafawa a tukwanen? Na san aya ta 5 a Suratul Ma'ida da ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, shi kuwa ya fi ni saninta, ya kuma san maganganun malamai a kan yankan da ba a ambaci sunan Allah ba. Da an biye wa muhawara da sai a kwana a kai. Madam ba ta shiga ba. Ta ce, "Ki ce wa Malam ya zo da kansa."

Na raka shi. Ta gaishe shi daga nesa, ta ɗan rusuna, ba ta miƙa masa hannu ba, ta sa wani yaro ya kawo masa kujera. "Malam, barka da zuwa. Ga kayan aikinmu nan, a duba." A bayan shagon akwai ɗaki mai rufin kwano, manyan tukwanen biki a kife bisa katako, kowacce da ɗigon koren fenti a hannunta don kada ta cuɗe da ta aro. Wuƙaƙe a rataye, muciyoyi a ɗaure wuri guda, tandar Iya a jingine da bango. Ta ce tun da suka haɗa jari da Iya naman alade bai taɓa shiga waɗannan tukwane ba, kuma ba a zuba giya a girkinsu. Ba don babu masu nema ba. Garinsu kusa da Kafanchan yake, inda kasuwar aladu ta Katsit ke ci duk Alhamis, kuma a Disamba mutanenta na kawo mata aikin bukukuwan da ake so a dafa shi. Takan tura su wurin wata 'yar cocinsu mai nata tukwanen daban. Kuɗi ne take gani yana wucewa ta bar shi. Yanka kuma Musulmi ke yi, sa a kwata, kaji a nan bayan shago a hannun wani saurayi cikin ma'aikatanta da ya yi karatun allo. Ta ce in Malam zai fi samun natsuwa, ya turo nasa mahaucin, ba za ta ji komai ba.

Baffa ya ce a kira yaron. Ya sa shi ya yanka kaza ɗaya a gabansa. Yaron ya juya baya ya wasa wuƙarsa inda kazar ba ta gani, ya take fukafukan da ƙafa ɗaya, ƙafafun da ɗaya, ya fuskantar da ita gabas, ya yi bisimilla da kabbara, ya yanke maƙogwaro da jijiyoyi a ja guda, ya jira har ta daina motsi kafin ya nufi ruwan zafi. Baffa ya ce, "Madalla." A mota muna dawowa ya ce mini, "Matar nan tana da amana." Wanda ya san Baffa ya san ba kowa yake faɗa wa haka ba.

Daga baya na tambaye ta ko ba ta jin zafin a zo ana duba mata tukwane. Ta ce, "Hajiya, wanda ya tambaya ya fi mini wanda zai karɓi faranti ya tura ƙarƙashin kujera." Ta ce ai nata mutanen ma suna tambaya. Akwai Kiristocin da ba sa cin naman layya ko ragon suna, don suna ganin yanka ne na ibadar da ba tasu ba. Haka kuwa aka yi ranar bikin. 'Yar wani kawuna da ta koma ɗaya daga cikin sababbin cocin nan ta zo har wurin kuloli ta tambaya. Madam ta faɗa mata gaskiya: sa ne aka saya a kasuwa don walima, ba layya ba ne, amma Musulmi ne ya yanka da bisimilla. Yarinyar ta yi shiru kaɗan, ta ce a zuba mata kifi. Aka zuba mata, magana ta ƙare.

Kada a ɗauka Madam kaɗai ke sassautawa. Iya, tsohuwa mai carbi a hannu da ba ta sake da sallar walaha, ita ke ɗaukar tandarta ta shiga harabar coci lokacin Kirsimeti da bikin godiyar kaka, ta toya wa matan zumunta waina suna waƙoƙinsu, in lokacin salla ya yi ta shimfiɗa ɗankwali a gefe ta yi abinta. Ta ce mini akwai maƙwabtan da suka yi ta yi mata surutu a kai, ta ce musu waina take sayarwa, addininta kuma yana nan inda ta bar shi. Ranar Juma'a Kiristocin cikin ma'aikatansu ke tsare wuta har maza su dawo daga masallaci. Ranar Lahadi da safe Musulmin ke riƙe shagon.

Wanda ba ɗan Kaduna ba zai iya cewa to mene ne abin labari a nan. Mu da muka ga garin nan kafin ya rabu mun san abin da ake nufi. Mahaifiyar Madam a ƙofar masaƙar Kakuri take sayar da abinci, masaƙar da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, inda Bahaushe da Tibi da Banufe da Bajju da Bayarabe ke zama benci ɗaya lokacin tashin aiki. A can ta koyi cewa kafin ka zuba wa mutum sai ka san ko shi wane ne. Da ta yi aure ta buɗe ɗan shagonta a Tudun Wada, jikin rumfar Iya. Sai Fabrairun 2000 ta zo da rikicin shari'a, aka sake a watan Mayu, wanda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 2,000 suka mutu a ciki. A Nuwamban 2002 aka yi na gasar sarauniyar kyau, wajen mutum 250 suka tafi. Na bayan zaɓen 2011 ya ƙara ingiza waɗanda suka rage. Aka yi ta sayar da gidaje, wasu ma musaya suka yi, har kogin Kaduna ya zama iyaka: Musulmi suka taru a Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Sarki, Kirista suka koma Sabon Tasha da Television da Narayi da Unguwar Romi. Barnawa na cikin 'yan unguwannin da har yau ake cuɗe. Can Madam ta koma. Iya ba ta tashi daga Tudun Wada ba, kullum sai ta hau Keke Napep ta tsallaka gada.

Ina tuna ranar 22 ga Agusta, 2002, da shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, da ƙoƙarin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyun da a da suke jagorantar matasa masu gaba da juna, har Faston ya rasa hannunsa a rikicin 1992. Wata uku bayan sa hannun gari ya sake kamawa. Ba raina aikinsu nake ba, Allah ya sani sun kashe wutar da ba mu san adadinta ba. Amma takarda ba ta tsallaka gada da asuba, mutane ne ke yi. Ni na tashi da maƙwabta Kirista ta gabas da yamma. 'Ya'yana sun tashi ba su da ko ɗaya a layinmu, in ba don dangin kakarsu ba da sai a jami'a za su fara zama da wanda ba Musulmi ba. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma yana cikin dalilin da na dage sai waɗannan mata biyu.

To mu zo ga ranar. Rumfa uku aka kafa a ƙofar gidanmu: ta maza, ta mata, da ta uku don iyalan da suka saba zama tare, miji da mata da 'ya'ya, kamar su Kawu. Madam ta raba yaranta daidai da haka, samari a rumfar maza, 'yan mata a ta mata, ta uku kuma a gauraye. A ƙarshen rumfar mata ta sa aka ɗaura zani biyu aka yi lungu, da kujeru da tebur, inda masu niƙabi za su ɗage su ci a natse. Ba ni na ce ta yi ba.

Abincin kansa, dafa-dukar ta yi. A itace aka dafa ta, ƙamshin hayaƙin nan ya shiga, wara-wara, ba ta caɓe ba ko a ƙasan kula. Akwai tukunya ta biyu da ba a sa romon nama ba, romon kan kifi aka yi amfani da shi, aka ɗaura wa kulolinta shuɗin ƙyalle. Na ɗanɗana duka biyun, kuma ta kifin ba ta nuna ita ce ta masu uzuri ba, an ba ta haƙƙinta na albasa da attaruhu da kayan ƙamshi. Wannan ya fi komai burge ni, don a wurare da yawa in an ce an tanadi abincin mai ƙa'ida, sai ka tarar an yi shi ne da hannun hagu. Wainar Iya kuwa ba sai na yi dogon bayani ba: gefenta ya soyu, cikinta laushi, tsaminta daidai, ga miyar taushe da ta ji kabewa da gyaɗa da yakuwa. Alkubus ɗin ya tashi. An yi faten acca don dangin mahaifiyata, da gauta da yakuwa yadda ake yi a gida, sai ga shi matan Zariya ne suka fi kowa kai ludayi, har Inna, matar Kawu, tana koya musu yadda ake wanke acca a fitar da yashi. Zoɓon ya ji citta, abin da ba kowa ke iyawa ba tun da cutar 2023 ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba kuɗinta ya yi sama. Farfesun karfasa ya ƙare tun kafin na kaza.

Bayan La'asar, da aka zo fara rabo, Baffa ya yi addu'a ga ango da amarya, aka shafa. Yaran Madam suna tsaye da tire a hannu, har wasu sun ɗaga ƙafa. Sai Kawu ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali, ya cire hula. Babbar cikin 'yan matan rabon ta ɗaga hannu ɗaya sama, duk suka tsaya inda suke, da masu tire da mai ludayi a bakin kula. Kawu ya yi alamar gicciye, ya yi addu'arsa da Hausa, muryarsa na rawa, ya roƙa wa jikarsa zaman lafiya da haihuwa mai albarka, ya ambaci ƙanwarsa, mahaifiyata, da ba ta ga wannan rana ba. Dangin Zonkwa suka amsa da amin. Baffa bai amsa ba, amma bai tashi ba, bai yi magana ba, kansa a sunkuye har Kawu ya zauna. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, kowa ya tsaya a kan gaskiyarsa kuma ya bar wa ɗan'uwansa fili. Ashe tun da safe Madam ta gaya wa yaranta addu'a biyu za a yi, kada cokali ya yi ƙara a cikin ko ɗaya.

Malamar lissafi ta samu nata a roba mai murfi tun rana da sauran tsawo, ta yi mana sallama ta tafi. Da aka kira Magriba kuma, yawancin mutane sun watse, sai ga dabino a faranti, kunun gyaɗa da zafinsa, da ƙosai da aka tsamo a lokacin, ba wanda ya kwana a kula ba. An cika butoci, an shimfiɗa tabarmi. Wadda ta durƙusa tana fifita gawayin ƙosan wata yarinya ce mai carbin Katolika a wuya, ita ma ranar ba ta kai nama bakinta ba. Gwaggon mijina, da ta wuni da azumi tana kallon mutane suna ci, ta sha kunu ta kira yarinyar ta sa mata albarka.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Waina ta makara kusan awa guda. Iya da ƙullunta sun taso daga Tudun Wada lokacin da aka tare hanyoyi don sallar Juma'a, suka maƙale. Wanda ya shekara da shekaru yana aiki a Kaduna ya kamata ya san ranar Juma'a kafin sha biyu ake motsa kaya. Rumfar mata ta cinye shinkafa ta fara miƙewa kafin waina ta iso, wasu ba su samu ba. Takardun da aka manna a jikin kuloli da Turanci aka rubuta su, alhali rabin tsofaffin da aka yi don su ba sa karanta shi. Zoɓon ya sha sukari da yawa, kuma ba a ware mara sukari ba, ga masu ciwon suga a kowane ɓangare na dangin. Yankan naman sa ƙanana ne idan aka duba kuɗin da na biya.

Waɗannan duk masu sauƙi ne. Babban ƙorafina a kan 'yan aikin rana ne, waɗanda ake ɗaukowa in taro ya yi yawa. Yaran Madam na dindindin sun san aikinsu, amma na haya ba a zaunar da su an karanta musu littafin nan ba. Ɗaya ta ɗora cinyar kaza a farantin Inna. Tsohuwa ta rasa yadda za ta yi, ga kunyar mayarwa ga azuminta, sai da jikarta ta lura ta canja mata. Wata kuma ta yi abin da ya fi wannan ciwo. Cikin ƙawayen amarya akwai yarinya mai gajeren gashi a murɗe, ta zo da riga da wando, kanta a buɗe. Mai rabon ta dube ta sama da ƙasa, ta juya ta ce wa 'yar'uwarta wata magana da ba zan maimaita ba, suka yi dariya, kuma yarinyar ta ji. Madam da labari ya kai mata ta kamo hannun mai maganar har gaban yarinyar ta ba da haƙuri, kuma ba ta bari ta ƙarasa aikin ranar ba. Amma baƙuwata ta riga ta ajiye farantinta, ba ta daɗe ba ta tafi. Wannan yarinya ita ta yi jinyar 'yata a ɗakin kwanan ɗalibai lokacin da taifot ya kwantar da ita, ni ina nan Kaduna ban sani ba. Ni ba zan yi shigarta ba, 'yata ma ba ta yi, amma a ƙofar gidana ba wanda ya isa ya wulaƙanta ta.

Na faɗa wa Madam cewa littafinta ya san Katolika, ya san Shi'a, ya san Izala, ya san mai niƙabi, amma bai tanadi shafi ga wadda ba ta zo da sunan wata ƙungiya ba, shigarta ce kawai ta bambanta. Mutanenmu, Musulmi da Kirista, sun fi saurin girmama mai tsananin addini a kan wanda suke ganin ya yi sako-sako, kuma a nan ne bakinsu ke haɗuwa su yi dariya tare. Ta saurare ni har na gama, ba ta kare kanta ba. Ta ce daga yanzu ba mai ɗaukar tire sai an zauna da shi daren jajibiri. Ita da kanta ta nemi lambar yarinyar a wurin 'yata ta kira ta.

Batun kuɗi, sun fi sauran da na tambaya tsada, da kamar kashi ɗaya cikin biyar, kuma suna karɓar kafin alƙalami mai kauri, ba a yi musu ciniki sosai. Da farko na ga kamar ya yi yawa. Da na lissafa tukunyar kifi daban, da gawayin da aka riƙe har Magriba, da ma'aikatan da ba su tashi ba sai bayan Isha'i, da ayyukan da suke mayarwa don tukwanensu su zauna yadda Baffa ya gan su, sai na ga kuɗin yana da inda ya tafi. Wadda baƙinta duk gida ɗaya ne, masallaci ɗaya ko coci ɗaya, za ta samu mai dafa mata shinkafa mai daɗi da araha a unguwarsu, ba sai ta tsallaka Barnawa ba. Amma mai dangi irin nawa, ko ofis da makarantar da za su yi taron ƙarshen shekara, ina ba ta shawarar ta je.

Ta je da wuri, don Disamba da watan Sha'aban da makonnin bayan Ƙaramar Sallah a cike suke. Ta tafi da jerin baƙinta gida-gida, kuma kada ta ji kunyar faɗin ƙa'idar kowa, har da wanda ba ya cin gishiri. In akwai dattijon da zuciyarsa ba ta kwanta ba, ta ɗauke shi su je ya duba da idonsa. Sannan ta sa a rubuta abu uku a cikin yarjejeniya: nawa ne 'yan aikin rana a cikin masu rabo kuma wa zai zauna da su kafin ranar, a rubuta takardun kuloli da Hausa a kuma bambanta su da launin ƙyalle, in kuma bikin ya faɗo Juma'a, ƙullu da tanda su iso gidan biki kafin ƙarfe 11 na safe.